Ana Muzuru Ana Shaho

Ya kai ɗalibi mai koyon Hausa, akwai wani karin magana da na daɗe ina koyarwa a aji. Hausawa suna cewa, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Muzuru shi ne namijin kyanwa, musamman wanda ya bar gida ya koma yawon dare. Shaho kuwa tsuntsu ne mai kaifin farce wanda yake kawo sura daga sama. Ma'anar maganar ita ce, abin da aka ƙaddara wa mutum zai same shi komai yawan maƙiyansa. Shekara da shekaru ina rubuta wannan a kan allo, amma ban san nauyin muzuru da shaho ba sai da muka fara kiwon kaji a bayan gidanmu a Nyanya.

Idan ba ka san Nyanya ba, gari ne a gefen Abuja, a kan babbar hanyar da ta nufi Keffi. Kana wuce shi sai Mararaba, wadda take cikin Jihar Nasarawa. Ƙasar Gbagyi ce tun asali. Bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a suka yi ta kwararowa daga kowane sashe na Nijeriya, har gidaje suka cunkushe. Duk da haka, daji bai yi mana nisa ba. Akwai duwatsu a kewaye da mu, akwai kwata da bola da kangwaye masu ciyawa, kuma a irin waɗannan wurare ne maƙiyan kaza suke kwana.

Kajin ba nawa ba ne. Mahaifiyata ce ta aiko wa 'yata kaza ɗaya da zakara daga Zariya lokacin da ta gama firamare. Yarinyar ta riƙe su da kyau. Ita ce mai ba su tsaba da ruwa kafin ta tafi makaranta, kuma da kuɗin ƙwai take sayen littafin rubutu da biro. Kafin shekara ta zagayo sun kai goma sha huɗu. Ni kuwa abin da na iya yi musu shi ne na jingina tsofaffin kwanukan rufi biyu a jikin katanga, na tare gaba da katako, na ce wannan shi ne akurki, wato ɗakin kaji.

Asarar ta fara da rana tsaka. Uwar kajin ta yi kwana 21 a kan ƙwai, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma. Cikin mako biyu saura uku. Shirwa ce take shawagi a sama, da zarar ta ga babu mutum a tsakar gida sai ta sauko ta sure ɗaya. Na ba yarinyar haƙuri, na ce haka kiwo ya gada. Sai wata safiya cikin damina ta shigo ɗaki da gudu tana cewa, "Baba, zo ka gani!" Manyan kaji uku ne a kwance a mace, an cije su a wuya, har da kazar da kakarta ta aiko. Ranar da kuka ta tafi makaranta.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Maƙwabcina mutumin Binuwai ne, yana da kare. Shekara shida muna zaune lafiya, idan Sallah ta zo mu kai masa nama, idan Kirsimeti ta zo ya aiko mana da shinkafa. Ban tsaya bincike ba, na je na buga masa ƙofa na ce, "Maƙwabci, karenka ya gama mana da kaji." Ya dube ni, ya ce, "Malam, karena a ɗaure yake tun magariba. Amma kada mu yi gardama. Ka samo toka ka barbaɗa kewaye da akurkin yau da dare, gobe da safe mu duba tare. Wanda ya yi ɓarnar zai dawo, kuma zai bar sawunsa."

Na karɓo toka wurin mai tuyar ƙosai na barbaɗa. Da gari ya waye muka tsuguna mu biyu muna dubawa. Sawun ƙanana ne ƙwarai, masu siririn farce, ba su yi kama da na kare ba ko kaɗan. Muka bi su har zuwa wani rami da aka tona a ƙarƙashin kwanon. Maƙwabcina, wanda ya tashi a ƙauye yana farauta, ya ce tunku ne. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Sannan ya ƙara da wata magana wadda ita ce ta zama tushen ginin da muka yi. Ya ce, "Malam, kowane maƙiyin kaza da hanyarsa. Idan ka toshe uku ka bar ɗaya, daidai yake da ba ka toshe komai ba."

Bari in lissafa maka hanyoyin, domin ko kai ma wata rana za ka so kiwo. Hanya ta farko sama ce, ta shirwa da shaho da hankaka. Ta biyu gefe ce, ta muzuru da kare da maciji. Ta uku ƙarƙashin ƙasa ce, ta tunku da gafiya masu haƙa rami. Ta huɗu ƙofa ce, kuma wannan ta kowa ce, har da ɓarawo mai ƙafa biyu.

Da yake gidan haya muke, sai da na fara neman izinin mai gida. Ya yarda bisa sharaɗin kada wari ya dami sauran 'yan haya. Na yi wata biyu ina tara kuɗi daga albashi, sannan na je kasuwar kayan gini ta Mararaba na sayo katako da waya da kwano da ƙusa da bulo da buhun siminti. Muka auna fili mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8, wanda zai ishi kaji tara ko goma su yi yawo ba tare da cunkoso ba. Tsayin kuwa ƙafa 7 muka yi shi. Kafinta ya ce wannan ɓarnar katako ce, tunda kaza ba ta kai gwiwa ba. Na ce masa tsayin na mutum ne. Akurkin da sai an durƙusa ake shiga, ba a share shi kullum, kuma ba a ganin inda ya ɓule. Ina son wanda zan shiga a tsaye da tsintsiya a hannu, in duba kowace kusurwa.

Da ƙasa muka fara. Ni da maƙwabcina muka haƙa rami kewaye da filin mai zurfin ƙafa ɗaya, birkila ya jera bulo a ciki har ya ɗago sama da ƙasa. Daga waje kuma muka shimfiɗa waya a kwance mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi, muka rufe ta da ƙasa da tsakuwa. Dalilin yin haka shi ne, dabba mai haƙa a gindin bango take fara tono. Idan farcenta ya ci karo da waya, ba ta da dabarar ja da baya ta sake farawa daga nesa. Ginshiƙan katako kuma muka shafe su da baƙin mai kafin mu kafa, saboda gara.

Wajen gefe, zaɓen waya shi ne babban abu. Akwai siririyar waya mai manyan idanu wadda aka fi sani da wayar kaji. Tana da araha, tana hana kaza fita, amma kare yana iya yaga ta, ɓera da ƙaramin maciji kuma suna ratsa idanunta. Muka ɗauki mai kauri, mai ido rabin inci. Ta fi tsada sosai, amma araha ba ta ado. Muka ja ta ta miƙe, muka danne bakinta da siririn katako a kan kowane ginshiƙi, domin ƙusa kaɗai tana iya zamewa.

Sama kuwa muka raba shi biyu. Rabi muka rufe da kwano don inuwa da ruwan sama, muka karkata shi yadda ruwa zai zuba waje. Ɗaya rabin muka rufe da waya don rana da iska su shiga. A ƙarƙashin kwanon muka gitta sanda inda kaji za su hau su kwana, muka ajiye akwatuna biyu na saka ƙwai, muka zuba dusar katako a ƙasa. Rufin yana da wani amfanin kuma: yana hana tsuntsayen daji cin abinci tare da kaji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da murar tsuntsaye ta ɓulla a shekarar 2006, a wata gona a Jihar Kaduna. Sai dai waya ba ta tare kowace cuta. Don haka kafin hunturu, lokacin da annobar kaji ta fi yawa, nakan nemi likitan dabbobi ya yi musu rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana cikin masu haɗa irin wannan magani.

Kada ka ɗauka mun gama ba tare da tuntuɓe ba. Mako uku da gama ginin, ƙwai ya fara ɓacewa. Na duba waya ban ga ɓula ba. 'Yata ce ta kwanta a ƙasa ta leƙa, ta ce, "Baba, yatsuna uku suna shiga ƙarƙashin ƙofar nan." Gaskiyarta ne. Mun sa sakata biyu da kwaɗo, amma mun bar tazara a ƙasa, kuma ta nan ɓeraye suke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muka yi dokin ƙofa da siminti har ƙofar ta zauna daram. Muka kuma mayar da dusa da tsaba cikin gangar ƙarfe mai murfi, muna kwashe ragowar abinci kowace yamma, domin abinci yana kiran ɓera, ɓera kuma yana kiran maciji.

Yau shekara biyu ke nan ba mu rasa ko ɗan tsako ɗaya a bakin dabba ba. Wani lokaci nakan ga sabon tono a gefen tsakuwa, alamar baƙon dare ya zo ya gwada ya koma. Kowace Asabar ni da 'yata mukan zagaya ginin, muna taɓa waya, muna duba ƙusa da gindin bulo. Kirsimetin bara ita da kanta ta zaɓi zakara mafi girma ta kai wa maƙwabcinmu.

Har yanzu ina koyar da karin maganar nan, kuma ban ƙaryata shi ba. Sai dai yanzu nakan ƙara wa ɗalibaina bayani cewa, dabbar da ka tsare a gidanka amana ce a wuyanka, kuma toshe hanyar muzuru da shaho aikinka ne. Nakan kuma ba su labarin toka, domin su bincika kafin su ɗora wa wani laifi. Ɗaya daga cikin 'yan tsaki ukun da suka tsira daga shirwa shi ne babban zakaranmu a yanzu. Shi yake tashe ni da asuba, in shirya in fita kafin motoci su cushe a hanyar shiga gari.

Tambayoyi

1. Waɗanne hanyoyi huɗu ne maƙiyan kaza suke bi, kuma wace dabba ce take bin kowace hanya?
2. Me ya sa marubucin ya yi akurkin da tsayin ƙafa 7?
3. Yaya toka ta taimaka wajen gano gaskiya?
4. Kawo karin magana biyu daga cikin labarin, ka bayyana ma'anarsu.
5. Rubuta sakin layi ɗaya a kan yadda ake tsare kaji ko wasu dabbobi a garinku.