Ranar da Ake Ba Amarya Tukunya

A ƙauyenmu, can kudancin ƙasar Katsina wajen Malumfashi, hancin yaro ne ke gaya masa inda mako ya kai. In ka ji warin jiƙaƙƙiyar dawa a bayan ɗaki, to an fara. In ƙamshin tsiron da aka shanya ya cika tsakar gida, kaji suka hana kowa sakat, an kai tsakiya. In kuwa hayaƙi ya turnuƙe tun asuba, wani zaƙi-zaƙi mai ɗan tsami yana bin iska, to jibi akwai giya. Mu Maguzawa ne, kuma a wancan zamani dafa burkutu sana'ar mata ce a gidajenmu, yadda daddawa da ƙuli-ƙuli suke a gidajen maƙwabtanmu Musulmi. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba su taɓa kai ta baki ba, ni ma na daɗe da barinta. Abin da ke yawan dawo mini yanzu da tsufa ya zo shi ne matan da ke dafa ta, da yadda suke karɓar wadda ta zo sabuwa.

Ƙungiya ce, ko da yake ba ta da suna, ba ta da littafin rajista. Matan gidajen da ke shan rijiya ɗaya su ne 'yan ciki. Sun raba ranaku a tsakaninsu don kada biyu su fitar da giya rana ɗaya su kashe wa juna kasuwa, suna aron manyan tukwane a junansu, suna zuba adashi ranar kasuwa. Shugabarsu wata tsohuwa ce da kowa ke kira Iya, har mazan da suka yi furfura. Ba wanda ya zaɓe ta. Harshenta ne ya fi na kowa sanin tsami, shi ke nan.

Aure a wurinmu da rani ake yi, bayan an kai amfanin gona rumbu. Amarya takan zo daga wani ƙauye, wani lokacin tafiyar yini guda a ƙasa, ba ta san kowa ba sai mijin da take jin kunyar kallo a gaban mutane. Sai ta ɗan kwana biyu ta saba da gida, sannan wata safiya uwar mijinta ta sa ta gaba zuwa wurin Iya. Mu yara mukan bi su a baya, don mun san za a raba gyaɗa.

"Iya, ga 'yarki na kawo miki."

"Lale marhabin da amarya. Matso nan, 'yata, in gan ki da kyau. A gidanku ana dafawa?"

Amarya tana durƙushe, kai a ƙasa, muryar da ƙyar take fita. In ta ce ana dafawa, sai Iya ta ce, "To ki ajiye na gidanku a bakin ƙofa tukuna, ruwan rijiyarmu daban ne." In ta ce ba a yi, sai ta ce, "Madalla, kin rage mana aiki, babu abin da za mu kankare." Kowace amsa ta bayar, dariya ake yi, kuma dariyar ce ke sa ta ɗago kai karon farko. Daga nan Iya ta kira ɗaya daga cikin faccalolin amaryar ta ce, "Ga ƙanwarki, a hannunki take. In ta ƙona, ke kika ƙona."

Ba a fara mata da tukunya. Itace da ruwa take fara ɗebowa, don burkutu na cin su ba kaɗan ba, kuma a hanyar rijiya ne take sanin wace ce wace. Sai tsiro. Jar dawa ake jiƙawa ta kwana, a tsane ta a kwando, a baza ta a ɗaki mai duhu a rufe da ganye, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Bayan kamar kwana huɗu sai ka ga fararen saiwoyi sun sarƙe da juna, in ka cusa hannu ciki ka ji ɗumi. Faccalar takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta ba amarya ta ce, "Tauna." In ta ji zaƙi, ya yi. In aka bari ya wuce, dawar ta ƙare a saiwa, an yi asara. Sai a shanya a rana, aikinmu na yara kuma ya tashi: tsaron kaji da awaki, ladanmu cikin hannu na tsiro, ban da wanda muke aikawa baki in manya sun juya baya. Niƙa a dutse ake yi, mata biyu uku a jere, suna waƙa suna haki, kuma a waƙar niƙa ne amarya kan fara jin asirin gidan da ta shigo, don abin da ba a iya faɗa wa miji ko suruka a fili, a nan ake rera shi.

Ranar dahuwa ta fi kowace tsawo. A dama garin tsiro da ruwa a randa, a bar shi ya kwanta. Sai a kwashe ruwan sama a hankali da ƙoƙo a ajiye gefe, kaurin da ya rage a ƙasa shi ake ɗorawa a wuta ana juyawa da muciya har ya dahu, a sauke ya ɗan huce, a mayar masa da ruwan saman nan, a rufe ya kwana. Amare kan ga wannan kamar wahalar banza, su tambayi me zai hana a dafa duka gaba ɗaya. Amsar Iya ba ta canzawa: "Zaƙinki yana cikin ruwan sama, kada ki kai shi wuta." Sai da na je sakandare malamin kimiyya ya bayyana mana cewa tsirowa ce ke sa ƙwaya ta fitar da sinadarin da ke mayar da gari sukari, sinadarin yana narkewa cikin ruwa, zafin tafasa kuma yana kashe shi. Ina zaune a aji na ji Iya ta ƙara girma a idona.

Da asuba ake ɗanɗana tsami, kuma a nan gwaninta take. Iya takan zo da kanta in sabuwa ce ke koyo, ta tsoma ludayi, ta kurɓa, ta miƙa wa amarya. Ba ta gaya mata ya yi ko bai yi ba, sai ta ce, "Me kika ji?" Ta jira. In tsamin ya kai, a koma wuta, a yi ta tafasawa har rana ta take, don a tsayar da shi inda yake. In ya huce, kafin a zuba masa abin da zai tayar da shi, akan ɗiba wa yara a ƙananan ƙoƙuna. Ruwan zaƙi ne mai ɗumi, ja-ja, ba ya sa maye, yana manne wa leɓe. Na sha lemuna iri-iri a birane, ban sake jin wannan ɗanɗano ba.

Abin da ke tayar da giya kuwa kaurin nan ne da ke kwanciya a gindin tulun da aka gama sayarwa. Ba a sayar da shi, ko a lokacin da sisi ke da daraja. Wadda ta sayar jiya ita ke aika wa wadda za ta haɗa yau, a ƙoƙo, a rufe da faifai. Don haka babu macen da za ta iya wannan sana'a ita kaɗai ko tana gaba da kowa, kuma na ga faɗan mata da yawa ya mutu a dalilin ƙoƙon nan. In an zuba, cikin dare sai ka ji tuluna suna shuuu a kusurwar ɗaki, kumfa na tasowa. Amaryar da ke jiran nata na farko ba ta barci daren nan. Mukan ji motsinta tana tashi da aci-bal-bal tana leƙawa.

Kafin wannan rana kowace mace ta kawo mata abin da ta iya, wata mudun dawa, wata damin itace, Iya kuma ta ba da aron babbar tukunyarta, wadda ba ta ba kowa sai amarya. Wata cikin manya ta bar mata ranarta. Tun a rijiya ake yaɗa magana: "Gobe ta amarya ce." Ranar babu wadda za ta fitar da ko ƙoƙo ɗaya na sayarwa.

Da la'asar in maza sun dawo, sai a taru a gindin ɗorawa, a zauna bisa kututtura. Amarya ta fito da tulu, hannunta na rawa. Ita za ta fara kurɓa a gaban kowa, haka al'ada take ga duk mai giya, sannan ta zuba ɗanɗani kyauta a miƙa wa mafi tsufa. Akwai wani ƙanen kakanmu da bai taɓa yabon giyar kowa ba, har ta matarsa. Yakan riƙe ƙwarya ya daɗe yana kallonta, ya kurɓa, ya dubi sama, kowa ya yi tsit. Sai ya ce, "Ba laifi." Mata su ɓarke da guɗa daga bayan danga. Na girma kafin mahaifiyata ta gaya mini cewa in ta amarya ba ta tashi sosai ba, da dare manyan sukan ɗebo tasu su ƙara mata ba tare da ta sani ba. Tsohon ma, in ji ta, ya san da haka.

Kuɗin ranar a gefen zane take ƙulle su. Ta sai wa Iya gishiri da goro, ta zuba adashinta na farko, sauran nata ne, miji ba ya tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da gona ba tata ba, rumbu ba nata ba. Da kuɗin tukunya mata ke sayen sabulu da atamfa, da su suke rufa wa mazansu asiri in dagaci ya aiko karɓar haraji, har zuwa 1979 da gwamna Balarabe Musa ya soke shi a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ke cikinta a lokacin. Da aka buɗe makarantun firamare na UPE a 1976, rigunan makarantar ƙannena daga tukunyar mahaifiyata suka fito.

Baƙo namiji ma ba a barin sa a tsaye. Mai wucewa in ya yi sallama, za a matsa masa wuri, ƙwarya ta zagayo kansa kafin a tambaye shi daga ina. In Musulmi ne, kamar masu sayen auduga da Fulanin da ke kawo nono, ba mai tayin giya, sai a aika yaro ya kawo ruwa da goro, a ci gaba da hira. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu kuwa tabarmar ma ba mu da ita da yawa. Akuyoyinmu su ma suna da nasu rabo, dusar da aka tace. Akwai wani bunsuru da ya taɓa samun tulu a buɗe, ya wuni yana tunkuyin turmi.

Giya ta yi ɓarna a ƙauyenmu, wannan kowa ya sani. Na ga gidan da rumbu ya ƙare tun kafin damina, na ji kukan mata da dare. Iya takan kife ƙwarya a gaban wanda ta ga ya wuce gona da iri, ta ce, "Tashi ka tafi gida, ɗana," kuma babu macen da za ta zuba masa bayan haka. Sai dai ba kowa ƙwaryar Iya ta iya cetowa ba. A farin 1973, shekarar da naira ta shigo, tsofaffi suka ce dawa ta tuwo ce, aka kife tukwane gaba ɗaya. Amaryar da aka kawo a ranin nan ba ta samu ranarta ba. Matan suka sa ta cikin adashi duk da haka, suna zuba mata kwabo-kwabo, har ruwa ya dawo.

Abubuwa suka yi ta sauyawa a hankali. Wasu gidaje suka musulunta, wasu, har da namu, suka shiga cocin ECWA, kuma ta kowane ɓangare an ce a bar giya. Mahaifiyata ta bari ba tare da gardama ba, ta koma kunun zaƙi, tana sa masa tsiro kaɗan yadda hannunta ya saba. Injin niƙa ya zo, waƙar dutse ta tafi. Waɗanda suka ci gaba suka koma dafawa a ganga, don itace ya yi wuya, masu ginin manyan tukwane kuma sun ƙare. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giyar kwalba suka juyo kan dawarmu, manyan motoci suka fara zuwa kasuwanni suna kwasa. Mata suka yi ta mamaki, ashe abin da suke yi a bayan ɗaki shi masu injuna suka dawo suna nema. Da aka fara aiki da shari'a a Jihar Katsina a 2000, 'yan kaɗan da suka rage suka ƙara ja baya. Iya ba ta ga wannan ba, ta riga ta kwanta dama.

Ba na cewa a mayar da tukwane kan murhu. Abin da ke sosa mini rai shi ne samarin da nake gani yanzu a bayan shago, kowa da 'yar ledarsa ta barasa mai zafi, yana tsotsa shi kaɗai, babu tsohuwar da ta san sunan uwarsa balle ta kife masa ƙwarya. Amare kuma, Zumuntar Mata ta coci tana karɓarsu da waƙa da kwanuka, maƙwabtanmu Musulmi suna yin nasu, duka abin kirki ne.

Wani abu dai bai tafi ba. Ƙanwata da ke zaune a ƙauye ta ce har yau, in sabuwar amarya ta fara kunun sayarwa, manya sukan haɗa mata gero da sukari, kuma ranar farko sauran masu kunu ba sa fitar da nasu.