Akwati ya cika, kaya na zube: kukan ƴan wasan salula na Gaya

Yau zancenmu na wasan salula ne. Mun san wasu dattawa da sun ji haka za su ce to, yaran nan sun rasa abin yi. A yi haƙuri a saurare mu, domin cikin maganar akwai kuɗi, akwai lokaci, akwai kuma zumuncin da ya fara tsami a wasu fadoji.

Ba irin Free Fire muke nufi ba, wanda ake shiga a yi harbe-harbe na ƴan mintoci a fito. Muna maganar wasannin tsira ne, waɗanda ake jefa mutum cikin daji ba shi da ko gatari. Sai ya tsinci itace da dutse ya haɗa gatari, da gatarin ya sare bishiya, da katakon ya yi bukka, daga nan ya nemi ƙarfe, igiya, fata, ƙusa, tsumma da roba, har ya kai ga gina gida mai katanga. Wanda muke bugawa a fadarmu irin wannan ne, kuma ba za mu kama sunansa ba, tunda ba talla muka zo yi masa ba. Mu wajen goma sha biyu ne a ƙungiya guda: akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai gyaran salula, akwai ƴan lakwal, har da wani malamin firamare da ba ya son a sani.

Matsalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce wurin ajiya. Jakar da mutum ke goyawa gurabenta ƙalilan ne, kuma kowane irin kaya sai ya ci gurbinsa shi kaɗai. Ƙusa guda ɗaya tak sai ta tare gurbin da katako ashirin zai zauna. Ka yi tafiya mai nisa cikin wasan, ka kashe mega, ka tsallake aljanun da ke bin ka, ka iso wurin da kaya suke, sai jaka ta cika. Nan za ka tsaya kana lissafi kamar mai sayen cefane da kuɗin da bai kai ba: in zubar da fata in ɗauki ƙarfe? In ka zubar da fatar, wallahi gobe ita za a ce ka kawo kafin ka ɗinka sulke. A gida kuma akwatuna sun cika da tarkacen da ba a san ranar amfaninsu ba, ga shi ba a iya zubarwa, don wasan ba ya gaya maka abin da za ka buƙata a gaba. Wani daga cikinmu ya ce rabin daren da yake yi a wasan a kwashe-kwashe yake ƙarewa, daga wannan akwati zuwa wancan. Ya ce da rana yana dako a tasha a biya shi, da dare yana dako a salula shi yake biya.

Maganin da masu wasan suka tanada shi ne ka sayi babbar jaka da kuɗin gaske. A nan ne abin yake taɓa aljihu. Yawancinmu ba mu da katin banki, sai an bi ta hannun wani mai kati, shi ma ya ɗora ladarsa, wani lokaci a juya sefa zuwa naira kafin a biya. Abin da aka rubuta ɗan kaɗan ne a allo, kafin ya iso gare ka ya zama kuɗin man babur na yini. Mun ga yaron da ya sa kuɗin da aka aike shi da su a kan jakar da ba ya iya taɓawa da hannu. Wannan bai yi mana daɗi ba, kuma ba za mu ɗora wa yaron shi kaɗai ba. Wasan da ya ƙuntata maka da gangan sannan ya miƙo maka mafita a kan farashi, ya san abin da yake yi.

Sai kuma batun kuran da rezo. A wasan, in ba ka kan layi ana iya fasa gidanka a kwashe abin da ka tara. Wanda ya tsara wannan doka ya ɗauka kowa na da wuta dare da rana. Mu kuwa mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Kafin lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. A watannin nan salula sai an kai ta wurin mai janareto ko mai sola a biya caji, kuma caji na kiran ƴan uwa ne da harkar neman abinci, wasa sai abin da ya rage. Ko yanzu, hadari ya taso da damina, rezo ya ɗauke kana tsakiyar daji da jaka cike, kafin ya dawo an kashe ka, kayan sun tafi. Aikin mako biyu ke nan.

Abin dariyar shi ne, in ana maganar ajiya, ba ƴan Gaya za a koya wa ba. Garin nan da magaza ya tashi. Shekara da shekaru kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau kamyo su ratsa Benin, su tsallako gadar Malanville, a sauke su a nan kafin su wuce Najeriya ko su haura Doso da Yamai. Kowane mai gadin magaza ya san cewa dilar gwanjo ba a jibge ta yadda aka ga dama, kuma abin da zai fara fita shi ake ajewa bakin ƙofa. Da CEDEAO ta sa takunkumi a ranar 30 ga Yuli 2023 aka rufe gadar, mun ga yadda kamyoyi suka yi layi a hayin can, mun ga kaya sun koma bin kwalekwale, inda mai jirgi ke auna abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Manomanmu kuma sun san rumbu: gero a damminsa, masara daban, iri a ware inda ba mai taɓawa. To mutumin da ya taso cikin wannan, ka ba shi akwatin da ƙusa ɗaya ke cin wurin katako ashirin, ai dole ya yi magana.

Rigimar da ta fi ba mu tsoro ba da masu wasan muka yi ta ba, tsakaninmu ce. Ƙungiya na da babban ma'aji na kowa da kowa. Wani ya kwana uku yana tara ƙarfe, wani ya shigo da asuba ya kwashe ya ƙera bindigarsa. Wasan bai rubuta wanda ya zuba ko wanda ya ɗiba ba, sai zargi. Akwai mutum biyu da suka yi kusan wata ba sa shan shayi a buta ɗaya saboda ƙarfen da babu shi a duniya. Daga baya muka yi irin ta adashi: mutum guda ke riƙe da ma'aji, duk wanda zai ɗauki abu mai tsada sai ya faɗa a zauren WhatsApp. Ya rage faɗan, amma aikin da ya kamata wasan ya yi ne muke yi masa kyauta.

Wasu na cewa ɓata baki ne, su wa za su saurari ƴan Gaya? Muna da dalilin ƙin yarda da haka, kuma dalilin Minecraft ne, wasan kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin, wanda Microsoft ta saya a 2014 kan dala biliyan 2.5. A can ɗan wasa na da gurbi 36, akwati na da 27, kuma yawancin kaya ana tara 64 a gurbi guda. Shekaru ana ƙara sababbin kaya, gurabe ba su ƙaru ba, ƴan wasa suka yi ta kuka. A 2020 kamfanin ya nuna wata ƴar zabira da za a riƙa cusa ƙananan kaya iri-iri a ciki, su ci gurbi ɗaya. Da farko sai da fatar zomo shida da zare biyu ake ɗinka ta, alhali zomo ba a ko'ina ake samunsa a wasan ba, kuma sabon shiga, wanda ya fi kowa buƙatar zabirar, shi ne ya fi wahalar samu. Da ta fito sosai a watan Oktoba na 2024, an mayar da ita fata ɗaya da zare ɗaya. Haka jan ƙarfe, da aka shigo da shi a 2021 mutane suka yi ta cewa ya cika akwati ba amfani: a 2025 aka ba shi kayan aiki da sulke, har da wani ɗan mutum-mutumi da ke kwasar kaya yana rarraba su cikin akwatuna. Shekara huɗu aka yi ana jiran zabira, gaskiya ne, amma ta zo, kuma bakin ƴan wasa ne ya sauya yadda ake ɗinka ta.

Ba dukanmu ne bakinmu ya zo ɗaya ba. Malamin nan namu ya ce ƙuncin jaka shi ne gishirin wasan. In kowa na iya kwasar duk abin da ya gani, ina tsirar take? Mun yarda da shi rabi. Zaɓen abin da za ka ɗauka a daji wasa ne, kuma yana da daɗi. Amma zaman awa guda a gida kana neman akwatin da ka sa igiya, wannan wahala ce kawai, kuma da megarmu ake yin ta.

Don haka saƙon da muke haɗawa bai nemi a ba mu komai kyauta ba. Muna so ƙananan kaya su riƙa haɗuwa a gurbi guda, a sa maɓallin da zai tura kowane kaya akwatin da ƴan uwansa suke, kuma a nuna wa mutum tun da wuri abin da kowane tarkace zai yi masa. Muna so ma'ajin ƙungiya ya riƙa rubuta sunan mai zubawa da mai ɗiba. Wanda ya fi mana muhimmanci shi ne, in rezo ya yanke, a ba mutum ƴan mintoci kafin a bar shi a hannun aljanu.

Wurin aika ƙorafin ba ya jin Hausa, balle Dandanci ko Zabarmanci. Ƴan lakwal ɗinmu sun rubuta shi da Faransanci, wani ɗan uwa a Kamba yana juya shi zuwa Turanci, kuma za mu haɗa da hotunan allo na akwatunan da suka cika, da sa'o'in da rezo ya ɗauke. Ƙungiyoyi biyu na Malanville sun ce a sa sunansu. Duk fadar da ke buga irin wannan wasa a Gaya, Tanda ko Bengu kuma tana da abin ƙarawa, ta aiko da wakili ranar Juma'a bayan la'asar, kafin mu tura.