Bindigar da Muke Zaɓa

A Amurka, mai son bindigar wasa kanti yake shiga ya tambayi sunan kamfani da farashi. Da yawa sukan ɗauki Ruger 10/22, wadda ake ƙerawa tun 1964, mai cin harsashi goma, tana ɗura kanta bayan kowane harbi.

Mu 'yan bindigar fada a Daura, sunan maƙeri muke tambaya. Idan Sallar Gani ta matso, mukan duba kaurin bututun bindigar toka kada ya fashe a hannu, mu gwada kunama, mu ji nauyinta a kafaɗa, sannan a shiga ciniki. Ƙara da hayaƙi muke nema a gaban dokin Sarki. Harbi ɗaya, sai a sake ɗura albarushi.

Tun da aka sace Magajin Garin Daura a watan Mayun 2019, sunan "'yan bindiga" ya yi mana nauyi a baki. Yanzu samarinmu kan nuna mana masu ɗura kansu a waya, suna cewa tamu ba ta tsare gida. Tsoronsu gaskiya ne, mu ma muna kwana da shi.

Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi ko a kan ta toka. Amma abin da ke riƙe mu ya wuce takarda. Mun sha ganin saurayi cikin fushi. Kafin ya gama ɗura albarushi, wani dattijo ya riga ya kama hannunsa. Wannan jinkirin muke saye da kuɗinmu.