Littafin Dillali da Lambobi Goma

Ranar 30 ga Nuwamba, 2024, hukumar kula da sadarwa ta Jamhuriyar Benin, ARCEP, ta mayar da lambobin wayar ƙasar daga alƙaluma 8 zuwa 10, aka ɗora 01 a gaban kowace lamba. A wani gida da ke Zangon Paraku, wannan ɗan sauyi ya ci wa wani matashi dare biyu. Mahaifinsa dillali ne, mai saukar da direbobi da 'yan kasuwar Nijar, kuma yana da wani littafi mai baƙin bango da ya tara lambobin mutanensa a ciki tun kafin kamfanin Glo ya bar ƙasar a ƙarshen 2017. Yaron ya zauna yana gyarawa layi bayan layi, sai ya tarar da yawansu sun daɗe da mutuwa. Wani ya koma MTN, wani Moov, wani Celtiis, wasu kuma tun da aka rufe iyakar Malanbil a 2023 ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A cikinsu har da mai riƙe da kuɗin albasar gidan.

A nan dabara ta faɗo masa: kowa ya mallaki shafi guda a intanet inda zai ajiye lambarsa da kwatancen rumfarsa, in ya sauya layi ya gyara sau ɗaya, gyaran ya isa ga duk wanda ya yarda masa. Yana da 'yan kuɗin da ya tara don sayen babur. Kafin ya miƙa su ga mai haɗa manhaja, sai ya ga ya dace ya ji ta bakin mutane.

Ya fara da kasuwar Arzeke. Kowa ya ce madalla. Mai nazarin Hausa ya lura da wannan kalma, domin tana iya zama yabo, tana kuma iya zama hanyar sallamar mutum cikin mutunci. Haka ma “Allah ya ba da sa'a”: addu'a ce ta gaskiya, amma mai yin ta bai ɗauki alkawarin komai ba. Sai da yaron ya kwana uku yana murna kafin ya gane haka. Daga nan ya sauya tambaya, ya riƙa cewa: “Za ka ba da sefa 500 a wata? Za ka rubuta lambarka yanzu?” Nan take madalla ta koma “sai mun gani.”

Jugu ce ta fayyace masa abin. Tsohon zango ne a kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, inda baƙo ba ya neman kowa sai ta hannun fatomansa, wanda ya san mai saye, ya san mai biya, ya kuma tsaya wa baƙon a ciniki. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce:

“Ɗana, wanda ke son in same shi, shi zai kira ni. Wanda ya sauya layi bai gaya mini ba, ai da gangan ya yi. Shi ne zai je ya rubuta a shafinka?”

Wata mai sayar da man kaɗanya ta ce tana so masu saye daga Kwatano su same ta, amma wa zai hana 'yan damfara ganin lambar da take karɓar kuɗi da ita? Ya ambata mata dokar 2018 da ta shafi bayanan mutane, da hukumar APDP. Ta ce ba ta san su ba, shi ta sani, kuma shi ma yau ta fara ganinsa.

Da ya dawo gida ya zayyana wa mahaifinsa komai.

“Baba, ko naka littafin zan fara sakawa?”

Tsohon ya ɗora hannu a kan bangon. “In mai albasa ya san lambar mai mota, mu kuma me za mu ci?”

Waɗanda suka rubuta lambarsu ba su cika shafi ɗaya ba, galibinsu masu gyaran waya ne da 'yan acaba. Bai sayi babur ɗin ba, bai kuma kira mai manhajar ba. Ya ce zai koma Jugu ranar kasuwa ya tambayi mai man kaɗanya ko za ta yarda in fatomanta ne ya riƙe mata shafin.