Motar Rimot da Linzaminta

Ni ɗan Gauraka ne, a gindin Dutsen Zuma, kuma Gbagyi ne harshen da na sha a nono. Amma duk wasan motar da muka yi muna yara da Hausa muka yi shi, tun daga motar kara da ta langa-langa har wadda muke sa wa ɗan injin da muka ciro daga mataccen rediyo mai kaset. Yanzu ƙannena sun wuce nan, tsere suke yi da motar rimot. Ni suke nema in za a sayi kaya, domin in fassara musu abin da ke jikin kwali.

To, a nan nake yin gumi. Kalmar mota aro ce daga Turanci, sai Bahaushe ya ba abin hawan dungurungum, abin da ke juyawa a ciki ya tashi ba suna, muka ce inji. Iri biyu ne. Akwai mai burushi, waya biyu gare shi, yana da araha, sai dai burushin gawayinsa na cinyewa. Akwai marar burushi mai waya uku, ga tsada ga ƙarko.

Tsakanin batir da inji kuma akwai wata 'yar na'ura mai auna wutar da za ta wuce gwargwadon yadda aka matsa rimot. Ni linzami na raɗa mata, tunda aikinsu ɗaya da na doki. Linzamin inji mai waya biyu ba ya jan mai uku.

Abin da ke ruɗin yara shi ne lambar KV. Inji mai 3,000 a kan batir mai balt 7.4 zai juya sau 22,200 a minti, in ba ya ɗauke da kaya. Kowa babbar lamba yake so. Alhali filinmu yashi ne da tsakuwa, taya na nutsewa, injin ya yi ta zuƙar wuta. Idan linzamin amfiya 30 yake ɗauka, injin ya nemi 50, sai dai a ji ƙauri, kuɗin da yaro ya yi watanni yana jefawa a asusu ya tafi. Shi ya sa nake ce musu su rage lambar inji, su ƙara ragowar kuɗin a linzami.

Ba kullum suke jin shawarar ba, amma kalmar ta kama. Ran nan na ji wani yaro da ban ma sani ba yana faɗa wa abokinsa wai linzaminsa ya ɗau zafi, a jira ya huce.