Tarin da bai jin maganin tibi: a tambayi tsoho aikin da ya yi a biɗa



Akwai tambaya guda da ba mu saba yi wa tsofaffinmu ba in ciwon ƙirji ya kama su. Muna tambayar yaushe tarin ya fara, ko akwai jini cikin kaki, ko ana zufa da dare. Amma ba mu cewa: Baba, wane aiki ka yi a Abijan shekara 30 da sunka wuce? Alhali akwai wani ciwo da amsar wannan tambaya ita ce ke sa likita kan hanyar gane shi.

Sunan ciwon mezoteliyom. Sankara ce, wato kansa, mai kama tantanin nan siriri da ya lulluɓe huhu ya kuma shimfiɗe a cikin haƙarƙari. Wani lokaci takan kama tantanin ciki. Kusan ko'ina anka same ta, in an bi sawu, sai a tarar da abu guda a baya: amiyant, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira asbesto. Wani irin dutse ne da ake haƙowa, in an fasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin shi, ba ya tsatsa, ba ya ruɓa, ga araha. Shi ya sa duniya ta rungume shi a ƙarnin da ya wuce. An kwaɓa shi da siminti an yi kwanon rufi, wannan mai kauri ruwan toka da ba ya ƙara in ana ruwa, an yi allunan silin, an yi bututun ruwa, an sa shi cikin birkin mota da kulochi. A Najeriya masana'antu irin su Nigerite a Ikko da Giwarite a Kano sun yi irin wannan rufi, kuma a lokacin kayan zamani ne, kayan ginin gwamnati da na masu hali.

To mu mine ne namu a ciki, tunda gidajenmu na laka ne da azara, sai kwanon tol daga baya? Namu shi ne biɗa. Gida nawa ne a Adar da babu wanda ya taɓa zuwa Kodebuwa, ko Najeriya, ko Kamaru, ko Libiya? Ba duka ne 'yan tireda ba. Wasu lebura sunka yi wurin gini, su ke yanka rufin da zarto, su ke huda shi, su ke share wurin da yamma. Wasu rusau, wasu jari-bola, wasu yaran gareji da ke hure ƙurar birki da baki. Babu wanda ya gaya musu sunan abin, su dai ƙura ce kamar kowace ƙura.

Ba kamar kowace ƙura ba ce. Zarenta ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganin shi, ba ya wari, ba ya sa atishawa. In ya shiga huhu ba ya narkewa. Yana nan kwance, mutum ya dawo gida, ya yi aure, ya aurar da ɗiya, ya je Makka ya dawo, lafiyarsa ƙalau. Sai bayan shekara 20, 30, har 50 abin ya tashi. Wa zai haɗa tarin bana da aikin da anka yi zamanin Kunce?

Ga inda abin ya fi damun mu. Ciwon yana shigowa da rigar tibi. Numfashi ya rinƙa yankewa in an hau tudu, gefe guda na ƙirji ya yi nauyi da ciwo, tari busasshe, rama, kasala, har zufar dare. An je asibiti an yi radiyo (ba irin tamu mai magana ba, ta hoton ƙirji), sai a ga ruwa ya taru gefen huhu. A ƙasarmu, likitan da ya ga haka ya fara tunanin tarin fuka, kuma yana da gaskiya, domin shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Har ma tibin da ke tara ruwa a ƙirji sau da yawa ba ya fitowa a gwajin kaki, don haka akan ba da magani a ga yadda jiki zai amsa. Babu laifin kowa a nan.

Wannan ruɗani shi ne ma ya tona asirin ciwon tun farko. A shekarun 1950, a wani asibitin masu tarin fuka na garin Kimbali, Afirka ta Kudu, wani likita mai suna Sleggs ya lura da abin mamaki. Sababbin magungunan tibi sun zo, marasa lafiya na warkewa, amma wasu masu ruwa a ƙirji da ke zuwa daga yamma da garin, yankin ma'adinan amiyant, sai mutuwa suke. Shi da abokan aikinsa Wagner da Marchand sunka bincika, a 1960 sunka wallafa labarin mutum 33 masu mezoteliyom. In ban da guda, duk sun taɓa cuɗanya da amiyant. Abin da ya fi tsorata mutane shi ne wasunsu ba su taɓa aikin haƙar ba. Kusa da wurin kawai sunka zauna, wasu tun suna yara suna wasa bisa tarin ƙasar da anka zubar.

Saboda haka abin da muke roƙo ɗan kaɗan ne. Wanda anka ɗora bisa maganin tibi ya sha shi yadda anka ce, wata 6 cif, kyauta ne kuma, kar wani ya karanta wannan rubutu ya aje magani. Amma in an yi wata 2 ko 3 ana sha ba fashi, ba sauƙi, an zuƙe ruwan ya dawo, an sake zuƙewa ya sake dawowa, ciwon gefen sai ƙaruwa yake har yana hana kwana, to a koma wurin likita a faɗa masa, a kuma ba shi tarihin aiki. Likita yana ganin mutum mai yawa a yini, kuma gabansa manomi ne daga ƙauye ya zauna. Sai an gaya masa zai san manomin nan ya yi shekara 7 yana yanka rufin siminti a Ikko.

Matakan ganewa kuwa a jere suke, kuma kowane ya fi na baya tsada da nisa. Radiyo tana nuna ruwa ko kaurin tantani, ba ta faɗin mine ne. A zuƙi ruwan da allura a auna. Sau da yawa ba a ganin ƙwayoyin sankarar a ciki ko da tana nan, don haka a ce ruwa bai nuna komai ba ba ya nufin an tsira. Sai sikana, mai nuna yadda tantanin ya yi kauri ya ɗaure huhu. Hukuncin ƙarshe na biyopsi ne: a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga tantanin, a kai dakin bincike, a rina shi da wasu sinadarai da ke raba shi da sauran sankarar huhu. Wannan ba aikin CSI ba ne. Daga Madawa sai Tawa ko Maraɗi, ƙarshenta manyan asibitoci irin na Yamai, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take, ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Wani zai ce, to in ba a warkewa, mine ne amfanin wahala? Gaskiya ce mai ɗaci: ciwon nan da wuya a raba mutum da shi, ko a Faransa. Da yawa ba su wuce shekara guda da wani abu bayan an gane shi. Akwai magungunan da ke rage masa gudu, akwai masu kashe zafi, akwai dabarar hana ruwan sake taruwa don mutum ya samu numfashi. Amma mu a ganinmu amfanin sani ya wuce nan. Mun san yadda ake yi wa mai tari a gidajenmu: a ware masa kwano da moɗa, a hana jikoki shiga ɗakinsa, masu gaisuwa su tsaya bakin ƙofa. Mezoteliyom ba a ɗaukar ta. Ba a shaƙar ta daga numfashin mai ita, ba a samun ta a kwano. Dattijon da watanni kaɗan sunka rage masa bai kamata ya yi su shi kaɗai a ɗaki ba saboda tsoron cutar da ba ita gare shi ba. Sannan iyalin da sunka san abin da ke gabansu ba za su sayar da albasar bana da garkar kanta ba suna yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, har a fara zargin maƙwabci da jifa.

Ba kowa ne haɗarinsa ɗaya ba. Wanda ya daɗe cikin ƙurar, yana yanka, yana gogewa, yana rusawa, shi ne kan gaba, ko da yake masana ba su samu wani ƙaramin mizani da za su ce ƙasa da shi babu komai ba. Mata ma suna ciki, kuma su ake mantawa. An samu matan da ba su taɓa taka wurin gini ba, ciwon ya kama su don su ke kakkaɓe tufafin miji kafin wanki. In uwa ta zauna da maigida a Abijan ko Kano lokacin yana wannan aiki, tarihin aikinsa nata ne ita ma. Batun taba kuwa akwai bambanci: sigari ba ya kawo mezoteliyom, amma amiyant na haddasa sankarar huhu ta ainihi, da ta maƙogwaro, da ta ƙwan mace, kuma in ya haɗu da taba haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake sau da yawa. Wanda ya san ya shaƙi ƙurar nan da ƙuruciya, babbar gatan da zai yi wa kansa yau ita ce ya yar da karan sigari.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta sama da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda amiyant da sunka shaƙa wurin aiki. Faransa ta hana shi tun 1 ga Janairun 1997, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Amma har yau ana haƙar shi a Rasha da Kazakistan da Sin, kuma hani ba ya sauke tsohon rufi daga bisa gini.

Nan ne ƙannenmu ke shigowa, waɗanda ke karanta mu yanzu cikin waya daga wurin aiki. Gine-ginen 1960 zuwa 1980 su ake rushewa yau a manyan birane, kuma ku ke riƙe da guduma. Rufin da ke zaune lafiya, bai fashe ba, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Kar wanda ke da shi a gida ya firgita ya hau ya farfasa, nan ne ma zai tayar da abin da ke kwance. Matsalar tana ga zarto, da injin yanka, da mahuji, da tsintsiya bisa busasshen gari. In ba makawa sai an sauke, a jiƙa shi da ruwa sosai, a kwance ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum, kar a jefo daga sama. Rawani ko ƙyallen hanci ba ya tare zaren. Kayan aiki a tuɓe su can, kar a shigo da su ɗakin kwana. Gutsattsarin kuma kar a kwaso a yi akurkin kaji ko a daɓe tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sababbin allunan siminti da yawa babu amiyant cikinsu, sai dai ido ba ya raba su da na da, don haka tsoho duk a ɗauka yana da shi.

Wanda kuma zai raka tsoho asibiti, ya zauna da shi tun a gida ya rubuta a takarda: garin da ya zauna, irin aikin, shekarar da ya fara, shekara nawa ya yi, da wanda ke yi masa wanki. In shi ya manta, abokan tafiyarsa na nan bakin masallaci, su ba su manta ba. A haɗa takardar da karne da tsofaffin hotunan radiyo a miƙa wa likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.