Ya Tsira Daga Hatsari, Cutar Asibiti Ta Tare Shi

Wani magidanci ɗan acaɓa ya faɗi bisa kwalta, kansa ya bugu, ya yi mako 3 bai san inda yake ba. Sa'ad da ya farfaɗo har ya soma matsa hannun matarsa in ta kira shi, dangi suka yi ta hamdala, aka shiga koya masa zama da haɗiya da magana kamar yaron goye. Ran nan da asuba sai zazzaɓi ya rufe shi.

Ba daga gida ya zo da wannan cuta ba, a gadon asibiti ya same ta. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni ba ya iya tari ko haɗiya sosai, sai yawu da abinci su kuskure hanya su gangara huhu. Ga robar numfashi a maƙogwaro, ga ta fitsari, ga gyambon kwanciya a baya. Kowace ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, sau da yawa kuwa hannun da ba a wanke ba shi ke ɗauko su daga wani gado zuwa wani.

Aka yi allura, shiru. Aka sake wata, shiru. Da sakamakon gwaji ya fito sai ga Acinetobacter baumannii, watau ɗaya daga cikin ƙwayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na masu gagarar magani a 2017. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Amma har gobe mutum ya shiga kemis ya sayi kafso biyu ya haɗiye, wai ya yi magani! Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 irin waɗannan cututtuka suka kashe a 2019, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi kowa asara.

Maganin da ya rage mai tsada ne, yana kuma taɓa ƙoda. Sai da aka sayar da gona. Zazzaɓin ya sauka, amma makonnin da aka dakatar da motsa jiki sun tafi, hannun daman ya ƙage.

Tun daga ranar matar ta ajiye buta da sabulu a gindin gado. Da surukarta ta miƙa hannu za ta shafa goshin ɗanta, sai ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi mini gafara, a fara wanke hannu tukuna."